Iska Kafin Bindiga: Yadda Muka Zaɓi Kayan Fentin Mota a Barmu

Rana da rairayi su ne manyan maƙiyan fentin mota a ƙasar Adar. Motar da ta baro tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome tana sheƙi, idan ta yi shekara uku ko huɗu tana kai da kawowa tsakanin Tawa da ƙauyukan arewa, sai ka ga rufinta ya fara saɓewa kamar bayan ƙadangare. Rana ta cinye sheƙin sama, iskar hunturu ta kankare gaba da yashi, tsakuwar hanya ta yi wa gefe ƙananan raunuka. Damina na zuwa ruwa ya shiga raunukan, tsatsa ta samu wurin zama. Don haka a wurinmu fenti rigar ƙarfe ne. Wanda ya bar motarsa tsirara, nan da ƴan shekaru zai iya zura yatsa ta ƙasan ƙofa.

Ni malamin makarantar firamare ne, mushen lakwal kamar yadda ake ce mana a Nijar. Tun da na fito daga makarantar horar da malamai ta Tawa nake riƙe da alli, yau shekara ashirin da ɗoriya. Ina da wata tsohuwar Toyota Corolla da na saya hannu na uku. Ba motar gayu ba ce, amma ita ce ke kai mai naƙuda ko marar lafiya Tawa cikin dare idan an buga mini ƙofa, ita ce kuma kaɗai kadarar da zan iya sayarwa idan rana ta ɓaci. Tsatsa ta fara cin ta, mai fenti a birni kuma ya yanka mini kuɗin da ya sa na yi shiru na ɗan lokaci.

Da don motar ce kaɗai, da na tara kuɗin na biya shi. Wannan ita ce shawarar farko da zan ba mai karatu: idan mota guda za ka fesa ka ajiye kayan a ɗaki, kada ka saya. Kuɗin inji da bindiga da tiyo da takunkumi sun fi ladan mai fenti, ga shi kuma hannunsa ya fi naka sabawa. Abin da ya sauya lissafina shi ne autanmu. Kowa ya san Adarawa da cin rani. Da an gama girbi samari sai su ɗauki jaka, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Aljeriya ko Libiya. Autanmu ya yi shekaru a wani garaji a Abijan, ya fara daga goge mota da samfefa har aka fara ba shi bindiga yana fesawa. Ya dawo gida da sana'a a hannu, babu kayan aiki, yana kuma maganar sake fita, wannan karon ta hanyar hamada. Inna ba ta ce masa kome ba. Ni ta kira ta ce, "Kai ne babba, ka san abin da za ka yi." Adashena na makaranta ya kusa fitowa. Muka yanke shawara da shi: zan sayi kayan, motata ta zama gwaji, idan aikin ya yi kyau ya kafa rumfarsa a nan Barmu.

Kuɗin adashe ba ya fitowa sau biyu a shekara, saboda haka na zauna na yi wa abin karatu kamar mai shirya darasi, shi kuma ya kawo abin da hannunsa ya sani.

Abu na farko da ya ba ni sha'awa shi ne asalin bindigar kanta. Wani likita ne a garin Toledo na Amurka, Allen DeVilbiss, ya ƙera ɗan abin fesa magani a maƙogwaron marasa lafiya, ɗansa Thomas kuma ya mayar da dabarar ta zama bindigar fenti a 1907. Kafin nan da buroshi ake shafa wa mota fenti, a jira makonni yana bushewa. Da aka samu fenti mai saurin bushewa na kamfanin DuPont a farkon shekarun 1920, aka haɗa shi da bindiga, sai aikin ya koma na ƴan kwanaki. Har yau dabarar ba ta sauya ba: iska ce ke farfasa ruwan fenti ya zama hazo, ita ce kuma ke ɗauke shi ta kai jikin ƙarfe. Bindiga baki ce kawai, huhun yana can jikin inji. Mutane da yawa kuwa bakin suke fara saye, don shi ne mai ƙyalli.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, muka shiga shagunan kayan gini da na ƙarfe. Bindigogin, waɗanda ƴan garaji a nan ke kira fistole, iri uku muka tarar. Akwai ta da, mai gwangwani a ƙasa, wadda ke aiki da matsi mai ƙarfi, bar 3 zuwa 4. Tana fesawa da kyau, amma fiye da rabin fentin yana tashi sama ya bi iska. Akwai wadda aka rubuta wa HVLP, ma'ana iska mai yawa da matsi kaɗan. Gwangwaninta a sama yake, kuma kashi 65 cikin ɗari na fentin ko fiye yana sauka a jikin mota. Ga mai sayen fenti da kuɗin albashi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai tana da ci: yawancinsu suna shan iska lita 300 zuwa 400 a minti guda. Ta ukun ita ce LVLP, mai ƙaramin ci da ƙaramin matsi, wadda lita 150 zuwa 200 ke isar ta. Ba ta da saurin HVLP, faɗin feshinta ma bai kai ba, amma ita aka yi don mai ƙaramin inji.

Autanmu idonsa na kan HVLP, don da ita ya saba a Abijan. Wani mai shago ya lura da haka, ya jawo wani jan inji mai ƙafafun taya ya ce mini, "Mushe, ga abokin tafiyarta. Doki biyu ne, tanki lita hamsin, bar takwas. Ka haɗa su biyu in rage maka." A jikin injin an rubuta lita 200 da ɗoriya a minti.

A nan aikin aji ya yi mini rana. Duk wanda ya yi aji shida a lakwal ya san lissafin famfo da tanki: ruwa yana shiga ta sama, yana fita ta ƙasa, yaushe tanki zai ƙare? Kowace shekara ina ba yara shi. Tankin inji randa ce, injin kuma shi ne mai ɗebo ruwa daga rijiya. Idan gida yana shan ruwa fiye da yadda ake kawowa, girman randa jinkiri kawai zai kawo, ƙarshenta dai ta bushe. Lambar da ake rubutawa da manyan baƙi a jikin inji kuwa, sau da yawa iskar da yake shaƙa ce, ba wadda yake bayarwa ba. Wadda ke fita ta tiyo takan tsaya wajen kashi biyu cikin uku na waccan.

Akwai hanyar gane gaskiya da ba ta buƙatar kome sai agogon waya. Ka sa a fitar da duk iskar tanki, a tayar da inji, ka ƙirga lokacin da allurar agogon matsi za ta ɗauka daga sifiri zuwa bar 8. Ka ninka litar tanki sau 8, ka raba da mintocin. Na roƙi mai shagon ya yarda mu gwada, ya yarda yana murmushi. Jan injin ya cika a minti 3. Lita 50 sau 8 ya ba da 400, a raba uku, wajen lita 130 ke nan a minti. Bindigar da yake so ya haɗa mana tana shan 350. Giɓin lita 220 ne kowane minti, abin da tanki ke iya ba da aro kafin matsi ya faɗi ƙasa da buƙata kuma bai wuce lita 250 ba. Ma'ana, ka fesa minti guda, ka tsaya jiran inji. Autanmu ya san abin da hakan ke jawowa fiye da ni. Ya ce, "Yaya, rufin mota ba ya jira. In iska ta faɗi a tsakiya, fenti ya daina fita hazo sai ɗigo, jikin ya zama kamar ɓawon lemu. In ka tsaya ka dawo kuma, gaɓar za ta fito kowa ya gani." Muka yi wa mai shago godiya muka fito. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Daga nan muka juya lissafin. Muka daina tambayar wace bindiga ta fi kyau, muka koma tambayar wace iska za mu iya samarwa a Barmu. Injin da zai ciyar da HVLP ba tare da haki ba yana son mota mai ƙarfin doki 4 ko 5, irin wannan kuma yawanci lantarkin layi uku yake nema, na masana'antu. Ko mai doki 3, wanda ke cin wajen kilowat 2.2, lokacin tashi yana fizgar wuta ninki uku ko fiye na abin da yake ci yana tafiya. Ƙaramin gurup, wato janareta, da ke kunna fitila da firji ba zai tayar da shi ba, sai dai ya yi gurnani ya mutu. Wutar layi kuma mun ga darasinta a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki bayan juyin mulki. Sana'ar da za ta ciyar da gida bai kamata ta rataya ga wayar da ba ka da iko da ita ba.

Mafita ta zo daga masu facin taya. Duk tashar mota za ka ga injinsu: kan inji mai fistin biyu, bel, da ƙaramin injin fetur irin wanda masu lambun albasa ke jan ruwa da shi. Muka samu wani a Birnin Kwanni, hannu na biyu, tanki lita 100. Muka yi masa gwajin agogo: ya cika a minti 3 da daƙiƙa 20, wato lita 240 a minti. Mai bel yana juyawa a hankali, ba ya zafi da wuri, ana kuma samun kayan gyaransa, ba kamar ƙanana masu haɗe da mota kai tsaye ba da ke kururuwa su ƙone a zafin Afrilu. Abu uku muka duba kafin mu biya. Na ɗaya, bawul ɗin da ke sakin iska idan tanki ya cika, domin injin fetur ba ya tsayawa da kansa kamar na lantarki. Na biyu, bawul ɗin tsaro. Na uku, cikin tankin: muka kwance makullin ƙasa muka ga irin ruwan da ya fito. Tankin da tsatsa ta ci daga ciki, ko wanda aka yi wa walda, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, don in ya fashe a bar 8 ba rauni kaɗai yake yi ba.

Da iska ta tabbata lita 240, zaɓin bindiga ya zo da sauƙi: LVLP mai shan ƙasa da 200, domin a bar wa inji sarari ya huta. Manyan sunaye irin su SATA na Jamus da Anest Iwata na Japan sun fi ƙarfin aljihuna, ban ma tsaya taya su ba. Muka ɗauki matsakaiciya, muka kwance ta a gaban mai shago muka duba allura ko ta miƙe, ramukan hular baki ko sun fita tsaf, da kuma ko ana samun allura da baki na canji. Girman baki shi ma magana ne. Mai milimita 1.3 ko 1.4 shi ne na fentin sama. Fentin ƙasa, wanda ke cike ƙananan ramuka kafin a yi launi, yana da kauri, yana son 1.7 ko 1.8. Sai muka ƙara wata mai araha don shi kaɗai, tun da duk abin da ta fesa za a bi shi da samfefa. A nan araha ba ta ɓata kome. A fentin sama ne araha ba ta ado.

Sauran kuɗin ya tafi ga abubuwan da ba su da kwarjini amma su ne ke raba aiki mai kyau da na banza. Iskar da aka matse tana tara ruwa, ko a ƙasa mai fari irin tamu, inji mai fistin kuma yana zubo ɗan mai a ciki. Ɗigon ruwa guda yana tayar da ƙuraje a fenti, ɗigon mai kuma ya buɗe ƴan ramuka kamar idon kifi. Dole a sa matatar ruwa da mai, a nesa da inji inda iska ta riga ta huce, a kuma zubar da ruwan tanki kullum. Tiyo ya zama mai faɗin ciki milimita 8 zuwa 10, don siriri yana shaƙe iska. A gindin bindiga a sa ƙaramin agogon matsi, saboda abin da agogon tanki ya nuna ba shi ne ke isowa hannu ba.

Inda muka yi gardama da autanmu shi ne irin fentin. Shi yana son mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa maganin ƙarfafawa, don ya fi sheƙi, ya fi jure rana, shi ne kuma ke jawo masu kawo aiki. Gaskiya ya faɗa. Amma maganin nan yana ɗauke da wani sinadari, isosiyanat, wanda aka san yana haddasa ciwon fuka ga masu fentin mota, kuma hanci ba ya faɗakar da kai kafin ya yi ɓarna. Rawani ko ƙyallen da ake ɗaurawa ba ya tare shi, takunkumin asibiti ma haka. Kariyar da masana lafiyar ma'aikata suka yarda da ita ita ce takunkumin da ake turo wa tsabtatacciyar iska ta tiyo, shi kuma yana cin iskar da injinmu ba shi da rararta. Ni kuwa na sha jin tarin da yake yi da asuba tun dawowarsa. Na ce masa ban hana shi ratsa hamada don in kashe shi a tsakar gida ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Yaya, na ji. Amma ranar da muka samu babban inji za mu sake maganar." Na ce na yarda. Muka sayi fenti mai haɗi ɗaya, da takunkumin roba mai gwangwanayen gawayi na canji. Launi kuma fari muka zaɓa: yana mayar da zafin rana, yana rufa asirin ƙananan lanƙwasa, ba ya kuma neman gwanintar da mai ƙyalƙyalin ƙarfe ke nema.

Saura lokaci da wuri, waɗanda babu shagon da ke sayar da su. Fenti ya fi son sanyin da bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba, da iska marar ƙura. A Adar wannan baƙo ne mai gajeren zama. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, fenti ya bushe a hanya kafin ya sauka, jiki ya yi kaushi kamar tsakin gero. Lokacin babban hutun makaranta damina ce, ga laima, ga ƙwari, ga aikin gona. Daga ƙarshen Nuwamba kuma hunturu ya shigo da ƙurarsa. Abin da ya rage shi ne kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, shi ma da sassafe, daga fitowar haske zuwa hantsi. Muka kafa rumfa da tamfol a bayan gida, nesa da madafa, domin tururin diliyan, wanda a Najeriya ake ce wa tina, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske murhu. Injin fetur muka ajiye shi can waje ta inda iska ke fitowa, dogon tiyo ya shigo. Kowace safiya a yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta, a kore awaki da kaji, a hana yara leƙe.

Shiri ya ci kwana goma sha, feshin kansa bai cika awa kaɗan ba. Kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fari, cike lotsawa da mastik, gogewa da samfefa daga mai kaushi lamba 80 zuwa 180, zuwa 320, har 600. Da ya ɗauki bindiga na ga abin da shekarun Abijan suka koya masa: tazarar kamar taƙi guda tsakanin baki da ƙarfe, hannu yana tafiya a miƙe ba lilo, kowane layi ya hau rabin na baya. Saboda bindigar ba mai sauri ba ce, sai ya bi motar gaɓa-gaɓa, yau ƙofofi, gobe bonet, jibi rufi. Allurar agogo ba ta taɓa faɗuwa a tsakiyar aiki ba. Motar ba ta fito kamar ta kanti ba. Akwai ƴan ƙwayoyin ƙura a rufi, da wani ƙwaro da ya zaɓi ya mutu a kan but, waɗanda aka goge daga baya da samfefa lamba 1500 da man sheƙi. Amma tsatsa ta tsaya, wanda kuma bai sani ba sai ya ce a Tawa aka yi ta.

Barmu ba ta da motocin da za su riƙe mai fenti shekara guda, wannan mun sani tun farko. Abin da ya biyo baya ƙananan ayyuka ne: tankunan baburan ƴan kabu-kabu, ƙofofi da tagogin ƙarfe daga wurin masu walda, gadajen amare, amalanke. Injin kuma yana ba taya iska ranar da babu feshi. Bana an gama girbi, abokansa sun ɗauki jaka, shi yana nan. Ban ce ya zauna ke nan har abada ba, domin abin da yake samu bai kai labarin da ake bugo masa a waya daga waje ba, kuma saurayi ne. Kuɗin adashena ma bai gama dawowa ba.

Ga duk wanda ke da irin wannan niyya, malami ne ko ɗan cin rani da ya dawo da ɗan jari, ga tsarin da zan ba shi. Ka fara da wutar da kake da ita. Ita za ta faɗa maka injin da za ka iya tayarwa. Ka auna injin da agogo, kada ka yarda da rubutun jikinsa. Sannan ka nemi bindigar da cinta bai kai abin da injin ke bayarwa ba. Ka ware kuɗin matata da takunkumi tun kafin ka shiga kasuwa, don idan ka bar su ƙarshe ba za su samu rabo ba. Wanda yake da wata dabara da ta fi wannan, musamman ƴan'uwa masu fenti na Maraɗi da Kano da Sakkwato da suka daɗe a cikin sana'ar, muna buƙatar ji, don yaron nan yanzu ya fara. Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya dawo da matafiyanmu gida lafiya.